Babi na Uku: Gwara, Tsuntsuwar da Ta Zaɓi Zama da Mutane

Zongo Lane, a tsakiyar birnin Accra, ba wurin da mutum zai je neman tsuntsu ba ne. Shagunan kayan lantarki ne a jere, wayoyi a nannaɗe, lasifikoki da kayan gyaran rediyo da talabijin, masu saye da masu sayarwa kafaɗa da kafaɗa. Itatuwa sun yi ƙaranci, ƙasa ta koma siminti da kwalta. Amma wanda ya ɗaga kai ya dubi bakin rufin kwano, ko ya tsaya kusa da mai koko da safe, ba zai daɗe ba zai ga wata 'yar tsuntsuwa mai toka-tokan kai da jan baya ta diro, ta yi tsalle biyu ko uku, ta tsinci abin da ya faɗi, ta koma sama. Haka abin yake a lungunan Nima da Maamobi da Sabon Zango. Wannan ita ce gwara.

Ghana na da tsuntsaye sama da iri 700, kuma masu sha'awar kallonsu na zuwa daga nesa su shiga dajin Kakum ko gandun Mole don su ga masu kyan launi. Gwara ba ta cikin waɗanda ake yi wa wannan tafiya. Ba ta da ado, kukanta kuma guda ɗaya ne da take ta nanatawa. Abin da ya bambanta ta shi ne inda ta zaɓi zama. Yawancin tsuntsaye in mutum ya sare daji ya kafa gari sai su ƙaura, ita kuwa sai ta matso. Saboda haka duk wanda ya fahimci rayuwarta ya fahimci abubuwa da yawa game da gidansa: irin gininsa, irin abincinsa, da abin da yake bari ga waɗanda ba su da bakin roƙo.

Gwara biyu

Dangin gwara suna da yawa, amma biyu ne suka shafe mu. Ta farko ita ce tamu ta gado, wadda masana ke kira Passer griseus. Ana samunta daga Senegal har Habasha, daga bakin Sahara har gabar teku. Kanta ruwan toka ne, bayanta ja-ja kamar ƙasa, maƙogwaronta fari-fari, kuma da wuya ka raba namiji da mace da ido. Ita ce ke tsince a tsakar gida a Katsina da Maraɗi, ita ce kuma a Kumasi da Accra.

Ta biyu ita ce Passer domesticus, gwarar gida, wadda ta fi kowace tsuntsuwar daji yaɗuwa a duniya. Tsawonta kamar santimita 16, nauyinta wajen giram 30. Namijinta na da baƙin tabo daga haɓa zuwa ƙirji, macen kuwa ruwan ƙasa ce gaba ɗaya. Wani lissafi da masana na jami'ar New South Wales a Ostireliya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta yawanta da biliyan 1.6, mafi yawa a jerin da suka yi. Ita ce aka fi yin bincike a kanta, don haka daga tarihinta za mu ɗauki darasi. Halinsu kusan ɗaya ne: hatsi suke ci, a ramukan gini suke sheƙa, a cikin taro suke rayuwa, kuma abin da ya sami ɗaya yana iya samun ɗaya.

Yadda zaman ya fara

Asalin gwarar gida Gabas ta Tsakiya ne, yankin da mutane suka fara noman alkama da sha'ir shekaru kamar 10,000 da suka wuce. Kafin noma, kakanninta tsuntsayen fili ne masu cin 'ya'yan ciyawa, suna ƙaura da sauyin yanayi. Da aka fara tara hatsi a rumbu, abinci ya samu rani da damina a wuri guda, sai wasu daga cikinsu suka daina tafiya, suka tare a jikin gidajen manoma.

A 2018 Mark Ravinet da abokan aikinsa a jami'ar Oslo ta ƙasar Norway suka kwatanta ƙwayoyin halittar gwarar gida da na wata 'yar'uwarta ta tsakiyar Asiya wadda har yau take gudun mutane, take kuma ƙaura. Sun gano cewa zuri'ar biyu ta rabu kimanin shekaru 11,000 da suka wuce, daidai da lokacin da noma ke kankama. Sun kuma ga sauyi a wurare biyu a jikin ta gidan: ɗaya ya shafi narkar da sitaci, ɗayan ya shafi ginin ƙoƙon kai, abin da ya dace da baki mai ƙarfin fasa ƙwayar hatsi. Irin wannan sauyi na iya cin sitaci an same shi a jikin mutum da na kare bayan zuwan noma. Ke nan tuwonmu ya sake fasalin jikin wannan tsuntsuwa, alhali ba wanda ya taɓa kiwonta. Kaza da tantabara mu muka kama su muka ajiye. Gwara ita ta kawo kanta, kuma har yau ba ta yarda a riƙe ta a hannu.

Ta bi hanyar fatauci

Daga Gabas ta Tsakiya ta bi manoma zuwa Turai da Indiya da Arewacin Afirka. Sauran duniya kuwa a jirgin ruwa ta je. An sake ta a Brooklyn da ke New York a farkon shekarun 1850 da fatan za ta cinye tsutsar da ke lalata itatuwan birni, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ta mamaye mafi yawan Amurka. An kai ta Melbourne a 1863, Buenos Aires a wajajen 1870, Durban a wajajen 1900. A Afirka ta Yamma ta bayyana a Dakar a wajajen 1970, daga nan ta bazu zuwa Muritaniya da Gambiya. Ƙofar shigarta sau da yawa ita ce tashar jiragen ruwa da ma'ajiyar hatsi, don haka wanda ke aiki a Tema ko Takoradi ya riƙa duba ƙirjin gwarar da ya gani: in da baƙin tabo, baƙuwa ce.

Mutumin zango ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan tafiya, domin kakanninsa ma hanyar ciniki suka bi, inda kasuwa ta yi albarka nan suka sauke kaya. Fataken goro sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga, kuma da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, da yawa suka gangaro kudu. A Accra, wadda ta zama hedikwatar mulkin Turawa a 1877, Malam Naino ya samu fili daga hannun mutanen Ga a wajajen 1881, wurin da ake kira Zongo Lane a yau. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a wajajen 1912. Nima kuwa Malam Amadu Futa ne ya fara zama a cikinta a farkon shekarun 1930, a filin iyalan Odoi Kwao na Osu.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafi gwara shi ne abincin da waɗannan mutane suka zo da shi. A kudancin Ghana rogo da doya da ayaba da masara da kifi ne ginshiƙin tukunya. Mutanen arewa kuwa da gero da dawa da wake suka sauka, ƙananan ƙwayoyi daidai bakin gwara. Sun zo da dawaki da shanu da tumaki, da dusa da harawa, da turmi da taɓarya. Duk inda aka kafa zango, an kafa wa masu cin hatsi wurin kiwo a tsakiyar birni.

Abin da gidan zango ke ba ta

Gwara na bukatar abubuwa huɗu a kusa da juna, domin ba ta nisa da inda aka ƙyanƙyashe ta: hatsi, ramin sheƙa, ƙwari, da ƙasa da ruwa. Tsohon gidan haya na Nima, mai ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida, ya haɗa su duka.

Hatsi dai ba a magana. Macen da ta yi surfe ta zo shiƙa, iska na kwashe ƙaiƙayi, tsaki na zuba ƙasa. Mai tsince shinkafa a faifai na watsar da abin da ba ta so. Mai koko na wanke gero ta zubar da ruwan a bakin lambatu, mai waake na tsince wake, mai fura na shanya gari. A bakin injin niƙa kullum akwai abin da ya zube. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, manyan motoci na sauke buhunan masara da gero da wake daga arewa, ana awo da olonka, kuma ba buhun da ake buɗewa ƙwaya ba ta faɗi ba. Ba wanda ke lissafa wannan a matsayin asara, amma shi ke riƙe da dubban rayuka.

Sheƙa kuma, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gwara ma hakan take jira. Tsakanin kwano da katakon rufi, bayan indararo, ramin da aka bari a bango don iska, kan fitilar titi, duk gidaje ne a wurinta. Tana cusa busasshiyar ciyawa, ta shimfiɗa gashin kaza da zare da tsumma. A birnin Meziko masana sun tarar gwarar gida na saka guntayen taba sigari a sheƙa, kuma sheƙar da ke da su ta fi ƙarancin ƙwarin da ke shan jinin 'ya'ya, ko da yake dafin tabar na yi wa 'ya'yan lahani ta wata fuskar. A Ingila, a mahaƙar kwal ta Frickley, wasu sun rayu har suka yi 'ya'ya a zurfin mita 640 ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1970, ma'aikata na ba su abinci.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Babbar gwara hatsi take ci, amma 'ya'yanta ba sa rayuwa a kan hatsi a kwanakinsu na farko. Bayan kwanci na kamar mako biyu, 'ya'yan na fitowa tsirara, ido a rufe, kuma uwa da uba na yini suna kawo musu tsutsa da fara da ƙananan ƙwari har su tashi bayan wasu makonni biyu. Shi ya sa damina, lokacin da ciyawa ke tsiro shinge ke tashi, ta fi dacewa da renonta. Wannan ne kuma ladan da take biyan mai gida da mai lambu, domin kowace sheƙa ƙwari masu yawa take cinyewa kafin a watse.

Na huɗu, gwara na wanka iri biyu. Tana shiga ruwan da ya taru inda aka yi alwala ko wanki, tana kuma birgima a busasshiyar turɓaya don kakkaɓe ƙwarin jikinta. Tsakar gida mai ƙasa da bishiyar dogon yaro ko mangwaro a gefe ta ishe ta.

Ranar da aka yaƙe ta

Manomi na da dalilin jin haushin masu cin hatsi. Wanda ya ga garken jan baki ya sauka a gonar shinkafa a fadamar Haɗeja ko a Kebbi ya san abin da ake nufi da ɓarna, kuma yaran karkara sun san wahalar tsaron gero da gwangwani da majajjawa. Sai dai gwarar gari ba jan baki ba ce, kuma tarihi ya nuna abin da ke biyo baya idan aka yi wa tsuntsaye hukuncin bai ɗaya.

A 1958 gwamnatin Mao Zedong a ƙasar Sin ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Wadda abin ya fi shafa wata 'yar'uwar gwarar gida ce da ta cika garuruwan ƙasar. Aka fito da jama'a birni da ƙauye suna kaɗa tukwane da ganguna don kada tsuntsayen su sauka, har su gaji su faɗo matattu. Aka rushe sheƙa, aka fasa ƙwai, aka kashe miliyoyi. Da masu cin ƙwari suka ƙare, sai fara da sauran ƙwari suka samu sarari a gonaki. Masanin tsuntsaye Zheng Zuoxin na cikin waɗanda suka nuna wa hukuma cewa gwara na cin ƙwari masu yawa, kuma a 1960 aka cire ta daga jerin aka sa kuɗin cizo a madadinta. Yunwar da ta kashe mutane miliyoyi masu yawa a Sin tsakanin 1959 da 1961 tana da dalilai da dama, mafi girmansu manufofin gwamnati a kan noma da karɓar hatsi, amma kashe gwara ya ƙara wa wutar itace. Garin neman gira aka rasa ido.

Ɓacewa ba tare da yaƙi ba

Abin da ya faru a Landan ya fi kusa da halin da Accra ke ciki, domin can ba wanda ya ɗaga mata hannu. A 1925 wani matashi mai suna Max Nicholson ya ƙirga gwara 2,603 a lambun Kensington. A 1948 aka samu 885. A 2000, da aka sake ƙirgawa yana tsoho, takwas aka gani. Faɗuwar farko ta zo ne da mota ta maye gurbin doki, domin hatsin da ke zuba daga abincin dawaki da wanda ke cikin kashinsu shi ne abincin gwarar birni. Ta biyu ta fi tsanani: a faɗin Birtaniya yawanta ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1977 da 2008. Abin ya ɗaure wa mutane kai har jaridar The Independent ta sa kyautar fam 5,000 a 2000 ga wanda ya gano dalili. A Paris ma an samu raguwar kashi 73 cikin 100 tsakanin 2003 da 2016.

Bincike bai tsaya a kan dalili guda ba. Aikin da Kate Vincent ta yi a birnin Leicester ya nuna 'ya'ya na mutuwa a sheƙa saboda ƙarancin ƙwari. Sabon gini ba ya barin rami. An shafe farfajiyar gidaje da siminti don ajiye mota. Hayaƙin motoci na da nasa kaso, kuma wani bincike na 2019 ya samu wata cutar zazzaɓin cizon sauro ta tsuntsaye a jikin yawancin gwarar Landan. A Indiya, inda aka ga irin wannan a manyan birane, Mohammed Dilawar na birnin Nashik da ƙungiyarsa suka fara Ranar Gwara ta Duniya a 20 ga Maris 2010, kuma a 2012 Delhi ta ɗauke ta a matsayin tsuntsuwar jiha.

Yanzu a dubi unguwanninmu. Gidan ƙasa da na katako na ba da wuri ga bene mai silin da tagar gilashi. Tsakar gida na komawa tayil, ko a gina ƙarin ɗaki a kai saboda matsin haya, a yankin Accra da kewaye da ƙidayar 2021 ta samu mutum sama da miliyan 5.4. Shinkafa na zuwa a tsince cikin leda, gari na zuwa a niƙe, turmi na hutawa. Ana sare bishiya don a kafa shago, ana fesa maganin ƙwari da na ciyawa ba awo. Da yawa daga cikin waɗannan ci gaba ne, kuma ba mai hankalin da zai ce wa uwar da ke fama da ɓera da zazzaɓi ta bar gidanta a buɗe saboda tsuntsu. Amma su ne ainihin sauye-sauyen da suka kori gwara daga wasu birane.

Mun kuma riga mun ga misali da idonmu. Dattawan Accra sun san lokacin da ungulu ke jere a kan rufin kowace kasuwa da mahauta. Guba, da farautarta don sayar da sassan jikinta, da sare dogayen itatuwa sun rage ta har a 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba wanda ya damu da ita sa'ad da take da yawa.

Haƙƙin ƙaramin maƙwabci

Addinin mafi yawan mutanen zango bai bar wannan magana a hannun masana kimiyya kaɗai ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Imam Nasa'i ya ruwaito gargaɗin cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu irin gwara ba da haƙƙi ba za a tambaye shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Malamin makarantar allo da ya karantar da wannan ga yaran da ke yawo da danƙo a aljihu ya yi aikin da wata hukuma ba za ta iya ba.

Sauran abin da ake bukata ba shi da tsada. Mai gini ya bar 'yan ramuka a saman bangon waje, ko ya kafa ɗan akwatin katako mai ƙofa kamar santimita uku a ƙarƙashin rufi, inda kyanwa ba ta kaiwa. Mai gida ya bar kusurwa ɗaya ba tayil, ya dasa bishiya ko da guda ce, ya ajiye kasko da ruwa lokacin hunturu, yana sauya ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai. Tsakin da ya rage a faifai a watsa shi a gefe maimakon a zuba a leda. Masallatai da makarantu, daga na lungu har babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021, suna da farfajiyar da za ta ɗauki itatuwa. Maganin ƙwari kuma a yi amfani da shi inda ya zama dole kawai.

Akwai kuma aikin ƙirga. Landan ta san abin da ta rasa ne saboda wani saurayi ya tsaya ya ƙirga a 1925. Ɗaliban Nima da Maamobi za su iya yin haka: su zaɓi lungu ɗaya, su ƙirga gwarar da suka gani cikin rabin awa a rana ɗaya ta kowace shekara, su rubuta a littafi, su miƙa wa ƙungiya irin Ghana Wildlife Society ko masana a jami'ar Legon. Bayan shekara ashirin wannan littafi zai faɗa mana ko unguwarmu na da sauran ƙasa da ciyawa da inuwa da iska mai kyau, abubuwan da 'ya'yanmu ma suke bukata kamar yadda 'ya'yan gwara ke bukatarsu.